Ranar Sunan Ƙwayar Zakariyya'u

A kan kujerata Malam Zakariyya'u ya fara sanar da duniya cewa sunansa zai shiga littafin Turawa. Ni mai aski ne a Kakuri, shekara ashirin da ɗoriya, na saba jin ƙarya da aska a hannuna, don haka ko yankarsa ban yi ba.

"Ka aske ni da kyau," in ji shi. "Wannan kan za a ɗauka hoto."

"Fasfo za ka yi?"

"Ƙwaya zan gano. Sabuwa fil, wadda tun da aka halicci duniya ba wanda ya taɓa ganinta. Kuma sunana za a sa mata."

Wani daga cikin masu jiran layi ya ce, "Ƙwayar cuta? Allah Ya sawwaƙe. Wato nan gaba sai a ce wane ya kamu da Zakariyya'u."

"Jahilci kenan. Wannan ta lafiya ce. A gindin shuka take zama."

Bari in gaya muku ko wane ne Zakariyya'u. Shekara ashirin da biyu ya yi a sashen wanki na wata masaƙa a nan Kakuri, inda ake zuba wa yadi bilic sai ya yi fari fat kafin a kai shi rini. Masaƙar ta rufe tun tuni, ciyawa ta cinye injinanta, amma shi sashensa bai rufe ba. Magana ɗaya gare shi: "Ba abin da ya taɓa fita daga hannuna da datti." Mutumin da ya taɓa wanke katin zaɓensa har hoton ya goge, ya je rumfar zaɓe yana rantsuwa cewa farin wurin nan shi ne.

Asalin zancen daga Celina ya fito, 'yar Baba Sylvanus na unguwar Television, tsohon abokin aikinsa a masaƙa. Yarinyar ta yi karatu har ta zama dakta, amma ba ta allura ba, ta ƙasa da shuka, tana aiki a wata cibiyar bincike. Gonar ubanta a Kakau tana maƙwabtaka da 'yar gonar Saratu, matar Zakariyya'u. Celina ta lura waken Saratu yana yin kore shar ba tare da ko cokalin taki ba, na maƙwabta kuwa sai an lallaɓa. Ran wata Lahadi bayan coci ta zo gidan ta yi musu bayani. Ta ce akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya, masu zama a jikin saiwa da cikin ƙasar da ke manne da ita, suna ciyar da shuka, shukar tana ciyar da su. Da yawansu har yau ba a san su ba. In aka dace da sabuwa, akan sa mata sunan wurin ko sunan wanda ya taimaka. Ta roƙi Saratu tushe uku kacal, bayan an tsinke wake, kuma da ƙasarsu.

A duk wannan bayani, Zakariyya'u abu ɗaya ya ji: sunan wanda ya taimaka.

Waken nan kuwa ba na kasuwa ba ne. Ɗan ƙaramin jan wake ne da Saratu ta gada a wurin mahaifiyarta, Allah Ya jiƙanta, ita ma a wurin tata uwar ta samu. Kafin damina ƙwaro ya shiga buhun, abin da ya tsira bai wuce tafin hannu ɗaya ba. Shi ta shuka gaba ɗaya, ya fito tushe arba'in da biyu, ta san kowanne kamar ɗanta. In waɗannan suka tafi, irin ya tafi kenan. Saura sati uku a tsinke.

Zakariyya'u ba mai jiran sati uku ba ne. A shagona ya yi lissafin, da yatsu.

"In tushe uku za su ba da ƙwaya ɗaya, arba'in da biyu nawa kenan? Goma sha huɗu! Ɗaya tawa. Shida na yara. Kai ma zan ba ka ɗaya, tunda kana da ladabi."

Na ce na gode, a ba mabuƙata.

Ran Talata Saratu ta tafi gaisuwar rasuwa Tudun Wada. Tana fita ya zura takalman robarsa na zamanin masaƙa, waɗanda ya yanke wa wuya don zafi, ya hau mota sai Kakau. Abin da ya faru a can Baba Sylvanus ne ya ba ni labari, shi ma a kan kujerata, yana yi yana dafe kai. Ya ce ya iso gona ya tarar da mutum a tsakiyar kunyoyinsa yana tumɓuke shuka yana kabbara.

"Zakari! Wetin be dis? Gyaɗata!"

"Sylvanus, zo ka ga ikon Allah! Wake ne da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa! Ban ce maka sabon abu ne ba?"

"Gyaɗa ce, mutumin Allah! Shekara nawa kana cin ƙuliƙuli? Ga gonar matarka can, bayan ɗorawa."

Ya nuna masa da hannunsa, ya juya yana mayar da gyaɗarsa cikin ƙasa yana ƙunƙuni. Ya ce da ya san abin da zai biyo baya, da ya bar shi ya ƙarasa gyaɗar. Kafin ya ɗago kai, gonar Saratu ta koma fili. Zakariyya'u ya tumɓuke duka, yana ɗagawa yana karkaɗe ƙasar a kan ƙafafunsa, ya ɗaure dami ya ɗora a ka.

Daga bakin titi zuwa gida awakin Kakuri suka yi masa rakiya. Yana tafe yana ɗingishi, yana cewa tsakuwa ta shiga takalminsa na hagu, yana kai wa awaki duka da hula. Yana shiga gida ya tuɓe takalman ya jefa bayan randa don Saratu ta wanke. Ya sare saiwoyin ya ajiye, ganyen da ɗanyen waken ya zuba wa ragonsa, wanda yake kiwo don layya, yake kira Manaja.

Da la'asar Saratu ta dawo. Katanga ɗaya ta raba gidansu da shagona, don haka ba sai an ba ni labari ba. Sai na ji muryarta.

"Malam, wannan harawar ta ina ce?"

"Ki yi murna. Inna za ta shiga tarihi."

"Inna tana kabari. Wakenta kuma yana cikin rago."

"Ke ba ki san bincike ba."

"Tushe uku aka ce. Bayan an tsinke aka ce. A gabanka aka ce."

Daga nan na ji ta shiga ɗaki. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira kowa ba, kukanta ma a hankali ta yi shi. Ni da nake dariya tun safe sai na ji dariyar ta fita raina, wallahi raina ya ɓaci. Tun daga ranar ta daina wanke masa ko hankici. Tuwo dai ta ci gaba da yi, don ita ma tana ci.

Washegari da safe ya leƙo shago ya ari askata. Na ɗauka gemu zai gyara. Da na bi shi karɓa, sai na tarar da shi a tsakar gida da baho uku a jere kamar a masaƙa, ya ɗaura tawul a wuya. Saiwar wake tana da wasu 'yan ƙululai ƙanana a jikinta, su yake bi ɗaya bayan ɗaya yana kankarewa.

"Dubi ƙuraje," in ji shi. "A haka zan kai wa dakta? A ce daga gidana?"

"Ba da ƙasarsu ta ce ba?"

"Kunya ce irin ta yaran kirki. Ba ta son ta sa babanta aiki."

Baho na farko omo. Na biyu tafasasshen ruwa. Na uku bilic, ya auna shi da murfin kwalba yana lumshe ido ɗaya, ya ce hannu ba ya mantuwa. Saiwoyin suka fito fari tas kamar taliya. Ya shanya su a igiya, da suka bushe ya ga sun yi cukurkuɗe, ya hura gawayi a dutsen guga ya bi su. Ya jera su a gwangwanin biskit, ya sa kafur biyu saboda ƙwari, ya rubuta takarda: "Ga saiwoyi. Na rage miki aiki." Ya kai Television da kansa, bai sami Celina ba, ya bar wa ubanta.

Amma bai yarda ya bar komai a hannun yara ba. Ya ji Celina ta ce a wurin aikinsu sukan zuba wa ƙwayoyin abinci a faranti mai murfi, su ajiye a wuri mai ɗumi, su jira kwanaki. Sai ya ɗauki kular Saratu, ya sa malmalar tuwo, ya zuba madara da sukari, ya fasa dafaffen ƙwai saboda ƙarin jini, ya soka farar saiwa ɗaya a tsakiya, ya rufe, ya ɗora a kan kwanon ɗaki inda rana take dukan gaske.

Ran kwana na huɗu ya faɗo shagona ba sallama.

"Ta yi gashi!"

"Wa?"

"Yarinyar! Kore, mai laushi, ya rufe ta ruf. Ran Talata kwana bakwai. Ka wasa aska, kai ne wanzamin suna."

Na ce ni tunda nake ban taɓa yi wa tuwo aski ba. Ya ce ai shi ya sa har yau nake Kakuri.

Daga nan ya wuce wurin Malam Anas, limamin masallacinmu, mutum mai sanyin magana. Ina biye da shi, don irin wannan ba a barin a ba ka labari.

"Malam, suna gare ni ran Talata."

"Masha Allah! Ban ji Saratu na da juna biyu ba. Mace ko namiji?"

"Ba a rabe ba tukuna."

Malam ya gyara zama. "Ɗaya ne ko tagwaye?"

"Dakta ta ce a kan tsinin allura kaɗai sukan kai miliyan."

"To Malam Zakariyya'u, rago nawa ka tanada?"

"Manaja."

"Manaja shi kaɗai ba zai ɗauki miliyan ba. Ni dai ba zan raɗa wa abin da ban gani ba suna. In walima ce, zan zo in yi addu'a Allah Ya ba mu lafiya, musamman wasunmu."

Zakariyya'u ya fito yana gaya wa mutane liman ya amince.

Ranar Talata tun da hantsi aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun roba. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa suka zo daga Makera da Television, Musulmi da Kirista, don tun da aka rufe masaƙa ba su sami taron da ya haɗa su da nama ba. Aka kayar da Manaja, aka raba goro. Mata suka cika tsakar gida suna tambayar Saratu ina jaririn, tana nuna musu saman kwano. Ango ya fito cikin babbar riga fara wadda ya wanke da kansa, ƙamshin bilic na tashi. A gabansa tebur, a kan tebur kula, an lulluɓe ta da sabon tawul mai hoton agwagwa.

Can sai ga Celina da ubanta sun sauka daga keke, tana riƙe da jaka. Zakariyya'u ya miƙe.

"Jama'a, ga abokiyar aikina ta iso. Yarinya ce mai ƙoƙari, nan gaba za ta kai wani wuri. Dakta, faɗa musu guda nawa aka samu. In sun haura sha huɗu, akwai waɗanda na yi wa alkawari."

Celina ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce a hankali, "Baba, da mun shiga ciki mun yi maganar."

"A nan! Ba na ɓoye alheri."

Ta dubi ubanta. Baba Sylvanus ya ce, "Abeg, gaya masa. Ya ci gyaɗata."

"Baba, faranti arba'in na shuka daga saiwoyin nan. Talatin da tara ba abin da ya fito. Tunda na fara aiki ban taɓa ganin abu mai tsabta haka ba. Har kayan aikinmu ba su kai su ba."

Zakariyya'u ya juya ga jama'a yana murmushi. "Kun ji ko? Shekara ashirin da biyu!"

"Baba, ma'anarsa duk sun mutu. 'Yan ƙululan da ka kankare, su ne ɗakunansu. Ƙasar da ka wanke, ita ce garinsu."

 Wani ya ce, "Saura faranti ɗaya."

"Eh, ɗaya ya fito," in ji Celina. "Amma wannan mun san ta. Kullum muna ganinta. A fatar mutum take zama, inda gumi yake taruwa. Ina jin daga hannun Baba ta hau."

"To ai tasa ce!" in ji Baba Sylvanus. "A sa mata sunansa mana!"

"Tana da suna tun kafin a haifi kakansa."

Dariya ta fara daga kujerun baya. Zakariyya'u ya ɗaga hannu. Ya ce dama ya san za a yi haka, bincike ba a bar wa yara, shi ya sa ya yi nasa. Ya yaye tawul, ya ce in matso da aska, ya kama murfin kula ya murɗa.

Kwana shida tuwo da madara da ƙwai suna kan kwano a rana. Murfin bai jira a gama murɗa shi ba, ya yi tsalle ya bugi rumfa. Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta shi ba, na dai ga kujerun gaba sun koma baya ba tare da an ɗaga su ba. Malam Anas, wanda ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko a ruwan sama, sai ga shi a tsallaken kwata da rawani a hanci. Mai gasa nama ya rufe tukunyarsa. Rabin yarinyar kuma ya sauka a gaban farar babbar riga.

Celina ta leƙa daga nesa. "Baba, wannan fumfuna ce. Tuwo ne ya lalace."

"Sabuwa ce?"

"Akwai ta a bayan kowane gida a Kaduna."

Sai ta juya wajen ƙofa inda Saratu take tsaye, muryarta ta sauka. "Mama, ki yi haƙuri. Da ban zo da maganar ba, da wakenki na nan. Ko tushe ɗaya bai rage ba? Ko 'yar ƙasar da ke jikinsu?"

Saratu ta juya. Ta shiga gida, ta fito riƙe da wani abu da hannu biyu, a hankali kamar mai ɗauke da cikakken kwanon miya. Takalmin roba ne na hagu, duk taɓo, yadda mai shi ya jefar da shi bayan randa kwana bakwai da suka wuce. Ta ajiye shi a kan tebur inda kula take.

"Ya ce in wanke," in ji ta. "Na ce wallahi sai dai ya ruɓe a wurin. Yau da safe na je ɗiban ruwa na gani."

Muka matso. Cikin takalmin ƙasar gona ce da ta zuba lokacin da yake karkaɗe saiwoyi a kan ƙafarsa, ruwan randa ya jiƙa ta. A tsakiyarta tsiro uku ne na wake, sun miƙe, kowanne da 'yan ganyensa biyu. Tsakuwar da ta dame shi a hanya ashe busasshen kwanso ne da ya riga 'yan'uwansa nuna.

Celina ta durƙusa a gaban takalmin nan kamar ta ga zinariya. Ta sa safar hannu, ta ɗebi ƙasa da ɗan cokali daga gefe, har ta ci karo da guntun saiwa mai ƙululai biyu da aska ba ta gani ba. Ta zuba a 'yar leda.

Zakariyya'u ya farfaɗo. "To ai takalmina ne! Sai a rubuta sunana!"

"Baba, kafin a san ko akwai sabuwa a ciki sai an yi shekara ɗaya ko biyu. Yanzu inda aka samo kawai zan rubuta."

Ta rubuta a jikin ledar. Baba Sylvanus ya karɓa, ya sa tabarau, ya karanta da ƙarfi kamar mai sanarwa a coci: "Kakau. Gonar Saratu. Takalmin hagu." Ya cire tabarau ya dubi jama'a. "To, an yanka rago, an ci goro, ga wanzami da aska. Za a watse ba a raɗa wa kowa suna ba?"

Ban san wanda ya fara ba. Na dai ji daga baya an ce, "Allah Ya raya Takalmin Hagu!" Rumfa gaba ɗaya ta amsa da amin, har da mata daga cikin gida, wata ma ta rangaɗa guɗa. Ni kuma na karɓi rabona na wanzami a naman Manaja, don an kira ni aiki kuma na zo.

Saratu ba ta tsaya cin nama ba. Ta ɗauki takalminta ta shige. A cikinsa ta bar tsiron har suka yi ƙarfi, sannan ta mayar da su tsohon baho, ta kewaye da ragar kaji. Biyu suka rayu. Ta tsinke wake cikin tafin hannu, ta zuba a kwalba da toka, kwalbar kuma tana cikin akwatinta, makullin yana ɗaure a bakin zaninta. Dokar gidan yanzu ita ce Zakariyya'u ba ya wucewa kusa da bahon da ruwa a hannu, ko na alwala ne.

Sakamakon Celina har yanzu ana jira. Sunan Takalmin Hagu dai ya kama Zakariyya'u, yaran unguwa ma sun manta yana da wani. Shi kuwa ko a jikinsa. Jiya ma yana kan kujerata yana gaya wa wani baƙo cewa binciken gaba ɗaya a ƙafarsa ya tsaya.

"Wa ya je gonar? Wa ya taka? Ƙafar wa ta yi ɗingishi?"

Takalmin dama kuwa, a ranar sunan da yamma ya wanke shi a baho uku, ya fito fes. Ya rataye shi a ƙofar ɗakinsa ko da masu bincike za su buƙaci ɗaya ƙafar. Shekara guda kenan yana nan a rataye, ba wanda ya tambaya.